Ranar da Na Rabar da Goron Abbanku

Har yau idan na ji warin jiƙaƙƙen buhu ya haɗu da ƙamshin ɗanyen ganye, sai in ga kaina a durƙushe a ɗan kicin ɗinmu na saman benen Tianxiu, ina kwance bakin buhun goro, cikinki ya tokare mini ƙirji, Ummi. Zafin Guangzhou ya riga ya tashi tun da hantsi, gilashin taga yana gumi kamar mutum. Ina ɗaga ganyen sai goron ya bayyana, ja da fari, kowanne yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na jawo babban tiren da na zo da shi cikin kayan aurena, na juye goron kaf a kai, ban bar ko ɓari ba.

Kun taso kuna jin cewa azumin shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin ne ya raba Abbanku da karta da goro. Haka kakarku take faɗa, shi kuma in ana faɗa sai ya gyaɗa kai kawai. Ban taɓa musawa ba. Amma yanzu kun girma, ya kamata ku sani cewa azumi ya zo ne ya tarar an gama aikin. Ni na yi shi, da tire a hannu, kuma har gobe ba na nadama.

Na je ƙasar ina amarya, ban daɗe da gama jami'a ba, akwatina rabi atamfa rabi littattafan waƙoƙi. Abbanku ejan ne a lokacin. 'Yan kasuwa su zo daga Kano, ya ɗauke su a mota zuwa Shiling inda ake ɗinka jakunkunan mata, ya tsaya a yi ciniki, ya haɗa musu kayan a kwantena ya tura gida. Ofishinsa yana ƙasa, ɗakinmu yana can sama, lif ne kawai tsakanina da shi. Ni kuwa aikina girki, da kallon ruwan sama ta taga, da rubuta baitocin da ba wanda ya taɓa karantawa. Malama yake ce mini don tsokana, ni kuma Yaya nake ce masa.

Da wasannin suka matso, ko da yake a Beijing za a yi su, sai biza ta yi wuya. Baƙin da ke cika ofis suka daina zuwa. Wanda takardarsa ta ƙare ya tattara ya tafi gida. Benen da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar salatif ana naɗe kwalaye, ya yi tsit kamar makaranta ranar hutu. Maza suka wayi gari ba aikin yi, kuma namijin da ya saba da fita, zama ciwo ne gare shi.

Alhaji Isaka ne ya kawo kartar. Dattijo ne mutumin zangon Kumasi, yana da shagon takalma a hawan ƙasa, in yana dariya har tumbinsa rawa yake. Ya ce sunan wasan foka. Kowa a ba shi katinsa ya ɓoye, sannan a yi ta zuba abu a tsakiya, wannan ya ƙara wancan ya ƙara. Mai katin banza yana iya firgita mai katin kirki har ya ajiye, muddin fuskarsa ba ta tona shi ba. Su huɗu ne: Abbanku, da Alhaji Isaka, da wani mai sayar da wayoyi da muke kira Ɗan Maraɗi, da wani Bakatsine da ya bar garin daga baya. Dukansu masu salla ne, ba wanda zai yarda a ce ya zuba kuɗi a teburin karta. Saboda haka suka zuba goro.

Sai kun zauna a can za ku san darajar goro. Ba a sayar da shi a kasuwar Sinawa. A cikin jakar matafiya yake zuwa, a naɗe da ganye, kamar wasiƙa daga gida. Da matafiya suka yanke, ɗan abin da ya rage a hannun mutane ya zama zinariya. Dattijo ya tsaga ƙwaya ɗaya ya yi ta lallaɓa ta har dare.

Ranar farko da ya hau da leda cike da goro yana murmushi, na tambaye shi.

"Yaya, wannan ba caca ba ce?"

"Caca da kuɗi ake yin ta, Malama. Wannan goro ne. Kin taɓa jin an kai mutum gaban alƙali a kan goro?"

"To shi goron daga sama yake faɗowa?"

"Ke dai ki riƙa yayyafa masa ruwa. Goron sunan ɗanki nake tara miki. Duk unguwar nan ta Xiaobei ba za a yi sunan da ya kai namu goro ba."

Na yi dariya, na nemo buhu na jiƙa. Ni ce na zama mai rainon goron. Kullum in kwance shi, in tsince wanda ya fara lalacewa, in juya sauran, in mayar da ganye. Bayan azahar ya ɗebi na wasa ya sauka, gab da magariba ya hawo da wanda ya fi shi yawa.

Abbanku ya fito daga gidan da ake koya wa yaro haɗiye komai. Kada a ga haushinka, kada a ga zumuɗinka, kada a ga ciwonka. Wannan tarbiyya ce ta mai da shi gwanin wasan. Nakan kai musu shayi in ɗan tsaya a bakin ƙofa. Alhaji Isaka in ya sami kati mai kyau hancinsa buɗewa yake. Ɗan Maraɗi kuwa sai ya hau gyara hula. Abbanku fuskarsa kamar ruwan randa, ba motsi. Amma ni da nake tsaye a gefe ina ganin abin da ba sa gani. Akwai wata jijiya a gefen wuyansa da ke harbawa kamar ƙadangare ya maƙale a ƙarƙashin fata. Ƙafarsa tana rawa a ƙarƙashin tebur. Yana goge tafin hannu a jikin wando. Kuma bakinsa ba ya hutawa, goro na bin goro, shayin Sinawa mai ɗaci yana bin bayansa. Duk abin da fuskar ta ƙi ɗauka, jikin ne yake ɗauka.

A kusurwar ofishin akwai talabijin da ake nuna wasannin. Na tuna wata rana ana tseren gudu, na ga 'yan tseren sun kai ƙarshe sun zube suna haki, sannan suka miƙe suna dariya suna rungumar juna. Na mai da ido kan Abbanku. Shi ma tseren yake yi tun azahar, sai dai nasa ba shi da layin ƙarshe, kuma ba a yarda ya yi haki ba.

A hankali abinci ya fita ransa. In na yi tuwo ya taɓa ya ture, ya ce ƙirjinsa na zafi. Ciwon kai ya zama abokin tashinsa. Ƙafafunsa suka fara kumbura saboda zama, bayansa ya riƙe. Barci ya ƙaurace masa, in ma ya samu sai ya tashi muƙamuƙinsa na ciwo don cizon haƙora. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya fara yi mini tsawa a kan cokali. Sannan wata rana da la'asar ya hawo yin salla, ya sunkuya ruku'u, sai na ga jini yana ɗiga daga hancinsa a kan darduma. Ya zauna daɓas. Ya ce ɗakin yana juyawa, kuma hannunsa na hagu ya yi masa nauyi.

Da kuka na samu ya yarda muka je asibiti, da sharaɗin ba wanda zai ji. Likitar mace ce mai gajeren gashi, tana ɗan jin Turanci. Ta auna shi, ta sake aunawa, ta cire tabarau ta dube ni.

"Wane irin aiki mai wahala yake yi?"

Na ce, "Ba ya aikin komai yanzu. Zama yake yana wasan karta."

Ta ce, "Shi ne yake zaune. Zuciyarsa gudu take yi."

Ta tambayi abin da ya rina masa haƙora. Na zaro goro daga aljihunsa na miƙa mata. Ta shinshina, ta ɗan gatsa, ta yamutsa fuska, ta girgiza kai. Ta ce jininsa ya hau sosai. Ta nuna kanta da yatsa, ta ce in aka ci gaba haka jijiya tana iya fashewa a nan, ko ɓarin jiki ya shanye. Sannan ta kalli cikina, ta kalle shi.

A cikin tasi muna komowa na kama hannunsa.

"Yaya, ka ji abin da ta ce."

"Na ji. Amma ba zan iya tashi ba, Malama."

"Me ya ɗaure ka?"

"Ƙa'ida ce. Wanda ya ci ba ya tashi sai an rama. Goron mutane kaf yana hannuna. In na ce na daina yau, gobe a ce Nuhu ya ci ya gudu. Wa zai sake ba ni amanar kayansa?"

"To ka bari su cinye mana."

Da muka wuce wata gada ya ce, "Na gwada. Da na ga katin sai hannuna ya ƙi."

"Ka gaya musu ba ka da lafiya."

Ya janye hannunsa. "Kada in ji wannan maganar a bakin kowa."

Washegari ya haɗiyi maganin da aka ba shi, ya ɗebi goro, ya sauka.

Ni ba mai faɗa ba ce, kun sani. In raina ya ɓaci taga nake nema. A bakin tagar nan na tuna da kakata Inna a Yakasai. In wani ya kwanta ciwo a gidanmu, sai ta sa a yi gumba, ta sayo goro, ta bi maƙwabta gida gida tana rabawa. Kuma ba ta ɓoye sunan majinyaci. Takan ce addu'ar da ba ta san sunan mai ita ba, a hanya take kwana. Sai na ga abin a fili kamar an ɗage labule. Abin da aka ba da sadaka ba mai cewa a dawo masa da shi. Ba Musulmin da zai ɗora goron sadaka a teburin karta. Kuma ba mai kunyar da zai ci goron neman lafiyar mutum da safe, ya zauna ya tayar masa da jini da rana. Na kuma san abin da zan biya. Zan tona abin da ya hana ni faɗa, kuma zan haife ki ba goron suna. Na auna biyun da abu ɗaya: ina so ya tsaya da ƙafarsa ya yi miki huɗuba a kunne.

Ranar da na faɗa muku a farko, ya ce mini zai je Shiling duba wasu kaya, sai azahar zai dawo. Yana fita na juye goron a tire, na yafa mayafi, na shiga lif.

Shagon Ɗan Maraɗi na fara tsayawa. A tsorace na isa ƙofar. Na yi sallama, na miƙa tiren.

"Madam, lafiya? Haihuwar ce ta zo?"

"A'a. Sadaka ce. Maigidana, Alhaji Nuhu ejan, ba shi da lafiya. Hawan jini ne. A sa shi a addu'a."

Wannan ne karo na farko da sunansa ya fito daga bakina a gaban mutane. Ɗan Maraɗi ya kalli goron, na tabbata ya gane wasu daga ciki. Hannunsa ya tafi kan hula ya tsaya. Sannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya da hannu biyu ya ce, "Allah shi ba shi lafiya. Wallahi ba mu sani ba."

Daga nan tsoron ya sake ni. Na bi benen hawa hawa, shago shago. Kanawa, Zabarmawa, mutanen Ghana, har da 'yan Mali da ba sa jin Hausa sai kalmar sadaka. Dattawan da suka daɗe ba su ga ƙwayar goro cikakkiya ba suna karɓa suna ɗaga hannu sama. Wani tsoho ya sa nasa a hanci ya lumshe ido kafin ya yi addu'a. Mata suka fito daga wajen masu sayar da abinci suna cewa, "Amarya, kawo mu taya ki ɗauka," na ce a'a, nawa ne. Wata Basiniya mai sayar da mayafai ta ga ana ɗiba, ita ma ta miƙo hannu, ta gatsa, ta ruga bayan kanta tana tofarwa tana cewa "sheshe, sheshe," wato na gode, duk layin ya fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, karon farko cikin makonni. Tiren yana raguwa nauyi, ƙirjina ma haka. Ina tafe addu'a tana tashi a bayana kamar tattabaru.

Alhaji Isaka na bari a ƙarshe, don shi na fi jin tsoro. Na tarar yana buɗe shagonsa a lokacin, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Na ajiye masa babbar marsar goron da ta rage, na faɗi abin da nake faɗa wa kowa. Da irin Hausarsu ta Kumasi, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce:

"Amarya, kai ne ka yi wannan aiki?"

"Ni ce, Baba."

"Duka goro?"

"Duka."

Ya kalli tiren da ba komai a kai sai guntun ganye. Tumbinsa ya fara rawa, amma ya danne dariyar. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a da ƙarfi yadda duk hawan zai ji. Da ya shafa, ya jawo aljihun tebur, ya fito da kartar, ya jefa ta cikin kwandon shara.

"Wasa ya mutu. Ba goro, ba wasa. Je ka huta, ɗiyata."

Abbanku ya shigo bayan azahar. Kafin ya kai lif an yi masa "ya jiki" ya fi a ƙirga. Ya tsaya a ƙofar kicin ya kalli buhun da na shanya a kan igiya, ya kalle ni. Fuskar nan ta ruwan randa. Ya ci abinci, ya yi salla, ya kwanta. Haka muka yi kwanaki, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wasu mata suka ce na tona asirin mijina a kasuwa. Wani babban ɗan kasuwa ya kwashe kayansa ya kai wa wani ejan, wai ba zai bar dukiyarsa a hannun majinyaci ba. Labari ya kai Kano, kakarku ta kira ni a waya ta yi mini faɗan da har yau in na tuna kunnena zafi yake. Na karɓa duka. Abin da nake saurare daban ne: a karon farko cikin watanni ina jin numfashinsa yana sauka a hankali in ya yi barcin rana.

Kwanakin farko sun yi masa wuya. Kansa ya yi ta sarawa don rashin goro, hannunsa yana laluben aljihu ba komai. Bayan azahar sai ya rasa inda zai sa kansa. Wata safiya na ce likita ta ce mai ciki ta riƙa tattaki, kuma ina tsoron fita ni kaɗai. Sai ya tashi ya sa takalmi. Akwai wani babban lambu kusa da unguwar, mai tudu da tafki, inda tsofaffin Sinawa suke taruwa suna motsa hannuwa a hankali kamar masu iyo a cikin iska. Muka riƙa zagaya tafkin kullum, shi a gaba ni a baya. Wata rana ya tsaya yana kallon wani tsoho da ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ƙame, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Malama, wai har Basiniyar nan mai mayafai kika ba gorona?"

"Ta tofar, Yaya."

"Asara!" Sai ya fashe da dariya, irin wadda ake yi da dukan fuska.

Azumi ya shigo ya same mu a haka. Kumburin ƙafa ya saɓe, tuwo ya dawo da darajarsa. Da muka koma asibiti, likitar ta auna shi, ta ɗaga mini babban yatsa. Ta ce maganin dai ba zai rabu da shi ba, kuma kun ga har yau yana sha. Bayan ƙaramar salla aka haife ki, Ummi. Ya ɗauke ki a tsaye, ya sunkuya ya yi miki huɗuba. Ranar suna ba ƙwayar goro ko ɗaya a duk Xiaobei. Dabino muka saya wajen Musulmin Sinawa masu fararen huluna, aka raba. Ofis ya cika har waje, duk wanda ya ci sadakar nan ya zo ganin amsar addu'arsa. Alhaji Isaka ne ya ɗaga ki ya ce 'Yar Dabino, sunan ya bi ki har makaranta. Yanzu kin san dalili.

Shekaru da yawa bayan mun dawo gida, Alhaji Isaka ya zo Kano walimar saukar Alƙur'aninki. Ya tsufa, tumbin ya zube, dariyar tana nan. Na kai masa abinci, na tsokane shi na ce har yau ina tuna yadda na same shi yana haki ranar sadaka, kamar an koro shi. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Au, bai gaya maka ba har yanzu?"

Ashe ranar Abbanku bai je Shiling ba. Direban bai zo ba, sai suka juyo tare da Alhaji Isaka wanda ya raka shi. Suna shigowa benen suka hango ni a ƙofar Ɗan Maraɗi, tire cike, ko ƙwaya ɗaya ba ta bar kai ba tukuna. Alhaji Isaka ya yunƙura zai kira ni, Abbanku ya damƙe masa hannu ya ja shi waje, har kan gadar masu ƙafa da ke gaban benen. A can ya tsaya cikin rana har na kusa gamawa. Sannan ya ce wa Alhaji Isaka, "Yi sauri ka buɗe shagonka, za ta zo maka a ƙarshe. Ka karɓa, kuma ka ɗaga murya."